Tantancewa a asibiti ba duba kati ba ce

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Gombe ba ka ji kalmar tantancewa ba. Ana tantance 'yan takara, ana tantance ma'aikata, ana tantance 'yan fansho. Kunne ya saba da ita har ta koma duba takardu kawai, shi ya sa idan mai gabatar da shiri ya ce nas za ta tantance marasa lafiya, mai sauraro sai ya ɗauka kati za ta karɓa ta jera mutane a benci. In kuma aka shiga da wanda ya zo daga baya, sai ka ji ana ƙunƙuni wai alfarma ce. Wannan fahimtar tana ɓata mini rai, domin tana iya cin ran yaro.

Wannan tantancewar ta asibiti ita ce ma'aikatan asibiti ke kira tiriyaj, sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa warewa. Likitan sojojin Napoleon, Dominique Larrey, shi ya dage cewa a fagen fama wanda rauninsa ya fi tsanani za a fara dubawa, kurtu ne ko janar. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don yara a 2005 a kan wannan turbar yake: na gaggawa, sai masu bi musu, sai waɗanda za su iya jira.

To amma yaro mai ciwon daji yana yaudarar ido. A ce uwa ta taso daga Dukku da ɗanta mai kansar jini, kwana goma bayan an ɗaura masa kimo, wato maganin ciwon daji. Yana zaune a cinyarta yana cin biskit, jikinsa da ɗan ɗumi, ma'aunin zafin jiki ya nuna 38.3. A gefensa ga wani yana tsala ihu da yanka a ƙafa. Kowa a wurin zai ce mai ihun za a fara gani. Alhali tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kimo fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suke yin ƙasa warwas, wannan ɗan zazzaɓin kuwa wataƙila shi kaɗai ne alamar cewa cuta ta shiga jini. Ƙa'ida ita ce a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da isowarsa. Wanda ya ce masa "maleriya ce, jira layi" ya jefa shi cikin haɗari, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Haka mai sikila. Saifarsa ba ta kare shi yadda ya kamata, don haka zazzaɓin da ya kai 38.5, ko fari fat da kumburin ciki ta hagu, ko hannu ɗaya ya saki, duk na gaggawa ne.

Shi ya sa nake goyon bayan a rubuta tambayoyin a takarda ɗaya, kowace nas ta bi su, ta safe da ta dare, tsohuwar hannu da wadda ta fito makaranta bana. Yaushe aka yi kimo na ƙarshe? Nawa ma'auni ya nuna? An ba shi farasitamol a gida? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi, don maganin yana ɓoye zazzaɓi. Ƙwarewa aba ce mai kyau, sai dai ƙarfe uku na dare, nas ɗaya da yara cike da ɗaki, takardar ce za ta tuna mata.

Ke kuma uwa, kada kunya ta sa ki zauna shiru a benci. Tun daga bakin ƙofa ki ce, "Sista, yaron nan yana kan kimo, kuma jikinsa da zafi."