Bayyana manyan masu zuba kuɗi a ƙuri'ar raba gardama a Kalifoniya

Bayyana manyan masu zuba kuɗi tsari ne na doka da ke tilasta wa duk kwamitin da ke yaƙin neman a amince da wani ƙuduri, ko a yi watsi da shi, ya sanar da masu zaɓe waɗanda suka fi ba shi kuɗi. An fi sanin tsarin a jihohin yammacin Amurka, inda jama'a ke da ikon tattara sa hannu su kai ƙudurin doka gaban masu zaɓe ba tare da an bi ta majalisa ba. Kalifoniya na cikin jihohin da suka fi zurfafa a wannan fanni, domin dokokinta sun kai har ga girman harafin da za a rubuta sunan mai kuɗin da shi.

Asali

A 1911, zamanin gwamna Hiram Johnson, Kalifoniya ta ba jama'a ikon gabatar da ƙuduri kai tsaye, da nufin karya lagon kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific wanda ya mamaye majalisar jihar. Ƙudurin doka na buƙatar sa hannun mutanen da yawansu ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya, gyaran tsarin mulkin jiha kuwa kashi 8. Bayan zaɓen 2022 wannan ya kama 546,651 da 874,641, kuma cikin kwana 180 ake tattara su. Da wuya 'yan sa-kai su iya wannan aiki, shi ya sa ake ɗaukar kamfanonin da ake biya su tsaya a ƙofar manyan kantuna suna karɓar sa hannu. Ke nan tun kafin ƙuduri ya samu lamba a takardar zaɓe an riga an kashe miliyoyin daloli.

A watan Yunin 1974, ana tsakiyar badaƙalar Watergate da ta dabaibaye gwamnatin shugaba Nixon, masu zaɓe suka amince da Ƙuduri na 9. Shi ya haifar da dokar gyaran harkokin siyasa ta jihar, ya kuma kafa hukumar da ke sa ido a kai, wadda aka fi sani da FPPC.

Me ya sa ba a ƙayyade kuɗin ba

Kotun Ƙolin Amurka ce ta toshe hanyar ƙayyade kuɗin da ake zubawa a yaƙin ƙuduri. A 1978, a shari'ar bankin First National na Boston da Bellotti, ta ce kamfanoni na da 'yancin kashe kuɗi kan ƙuri'ar raba gardama. A 1981 ta soke dokar birnin Berkeley da ta hana a ba kwamitin ƙuduri fiye da dala 250. Hujjar ita ce ɗan takara ake iya saye, ƙuduri kuwa ba mutum ba ne da zai rama alheri bayan zaɓe. Abin da ya rage a hannun jihohi shi ne su sa a faɗi sunan mai kuɗin, kuma kotun ta sha amincewa da hakan. Ko a shari'ar Citizens United ta 2010, wadda ta buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe kuɗi a zaɓen 'yan takara, alƙalai takwas cikin tara sun goyi bayan bayyana suna.

Akwai kuma dalili na zahiri. Takardar zaɓe ba ta nuna jam'iyyar ƙuduri, rubutunsa kuma kan yi shafuka da dama na yaren lauyoyi. Masanin siyasa Arthur Lupia ya nazarci ƙudurori biyar na inshora da aka kaɗa wa ƙuri'a a jihar a 1988, ya gano cewa mutanen da ba su san abin da ke cikinsu ba, amma sun san ɓangaren da kamfanonin inshora ke marawa baya, sun yi zaɓe kusan irin na waɗanda suka karanta su sosai.

Rahoton da ake miƙa wa hukuma

Ƙungiyar da ta karɓi dala 2,000 a shekara don yaƙin zaɓe ta zama kwamiti, sai ta yi rajista cikin kwana 10. Duk wanda ya ba ta dala 100 zuwa sama sai an rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa da wurin aikinsa. Wanda ya raba dala 10,000 ko fiye a shekara guda, shi ma sai ya miƙa nasa rahoton, ta yadda za a iya gwama bayanin mai bayarwa da na mai karɓa. A kwana 90 na ƙarshe kafin zaɓe, gudunmawar dala 1,000 zuwa sama sai an sanar da ita cikin awa 24. Tun 2014, kwamitin da ya tara dala miliyan 1 na miƙa sunayen manyan masu ba shi kuɗi guda goma, hukumar FPPC ta wallafa su a shafinta na intanet.

Duk wannan na amfanar 'yan jarida da abokan hamayya, amma talakan da ya dawo daga aiki ba ya zama ya binciki rumbun bayanan gwamnati. Dalilin ke nan da aka koma kan tallar kanta.

Abin da ake rubutawa a jikin talla

Dokar da ake kira DISCLOSE, wadda gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a Oktoban 2017 ta fara aiki a farkon 2018, ta ce kowace talla ta nuna manyan masu ba da kuɗi guda uku, matuƙar kowannensu ya ba da dala 50,000 ko fiye, a jere daga mafi yawa zuwa ƙasa. A tallar talabijin, kashi ɗaya cikin uku na ƙasan allo sai ya zama baƙi wuluk, rubutun kuma mai launin da ke fitowa ƙarara a kan baƙin, tsayin harafi bai gaza kashi 4 cikin 100 na tsayin allon ba, kowane suna a layinsa. Idan tallar ba ta wuce daƙiƙa 30 ba, bayanin zai tsaya daƙiƙa 5. Idan ta wuce, daƙiƙa 10. A rediyo suna biyu ake ambata, ɗaya idan tallar gajeriya ce, kuma da irin muryar da aka karanta sauran tallar, ba a guje ba. A takarda ana sa bayanin cikin farin akwati. Idan jerin manyan ya canza, kwamiti na da kwanakin aiki biyar ya gyara.

Wannan ƙididdiga ba ƙawa ba ce. Tsohuwar doka ta riga ta buƙaci suna biyu, amma masu talla kan cusa su cikin dogon sunan kwamiti, da siririn rubutu mai launin toka a kan hoto mai motsi, ta yadda an cika sharaɗi amma ba wanda ya karanta.

Daga 2020 an miƙa ƙa'idar zuwa takardar tattara sa hannu: idan kwamiti ne ke biyan masu tattarawa, sai a nuna wa mai sa hannu manyan masu kuɗi uku. Wata doka ta 2022 ta ƙara gajeren jerin magoya baya da masu adawa a jikin takardar zaɓe, sai dai waɗannan ba lallai su ne masu kuɗin ba, bambancin da mutane kan manta.

Inda ake zillewa

Hanya mafi sauƙi ita ce suna. Ƙuduri na 27 na 2022, wanda zai halatta cacar wasanni ta intanet, kwamitinsa ya sa wa kansa sunan neman mafita ga marasa matsuguni da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Kura da fatar akuya ke nan, amma a ƙasan allo ana ganin sunayen kamfanonin caca irin su DraftKings da FanDuel. Ƙudurin bai samu ko kashi 20 cikin 100 ba.

Hanya mafi wuyar kamawa ita ce biyo da kuɗi ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗanda dokar haraji ta tarayya ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba. A Oktoban 2012 wata ƙungiya daga Arizona, Americans for Responsible Leadership, ta ba wani kwamiti dala miliyan 11 don yaƙar Ƙuduri na 30 na ƙarin haraji da goyon bayan na 32 da ya shafi kuɗin ƙungiyoyin ƙwadago. FPPC, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Ann Ravel, ta kai ƙara. Ranar Lahadi 4 ga Nuwamba kotun ƙolin jihar ta ba da umarnin a buɗe takardu. Washegari, ana gobe zaɓe, ƙungiyar ta faɗi tushen kuɗin: wata ƙungiya ce ta ba ta, ita ma wata ce ta ba ta. Masu zaɓe sun samu sunayen ƙungiyoyi uku, ba sunan mutum ko ɗaya, alhali da yawa sun riga sun aika ƙuri'arsu ta gidan waya. A 2013 aka daidaita kan tarar dala miliyan 1, a 2014 kuma majalisa ta yi dokar da ke sa irin waɗannan ƙungiyoyi bayyana masu ba su kuɗi idan sun shiga yaƙin zaɓen jihar.

A jihar Washinton, inda ake nuna suna biyar, ƙungiyar kamfanonin kayan abinci ta ɓoye sunayen mambobinta da suka zuba kuɗi a 2013 don yaƙar ƙudurin sa alama a kan abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. An ci ta tarar dala miliyan 18 a 2016, aka ƙare kan miliyan 9 a 2022. Birnin San Firansisko ya ƙara mataki a 2019: idan babban mai ba da kuɗi kwamiti ne, sai a ambaci manyan masu ba shi kuɗi shi ma. Masu zaɓen Arizona kuma sun amince a 2022 da dokar da ke bin kuɗi har ainihin tushensa.

Suka da iyakar tsarin

Masu adawa na kafa hujja da tsaron lafiya da 'yancin faɗar ra'ayi. A 1958 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jihar Alabama karɓar jerin mambobin ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, a 1995 kuma ta wanke wata mata a Ohayo da aka ci tara saboda raba takardu marasa suna kan harajin makaranta. Bayan Ƙuduri na 8 na 2008 kan auren jinsi, an ɗora sunayen masu ba da gudunmawa a taswirar intanet, wasu suka koka da barazana, amma kotun tarayya ta ƙi cire su daga dokar. Wannan koke ya fi ƙarfi game da mai ba da dala 100, ya yi rauni game da kamfanin da ya zuba miliyoyi.

Sanin suna kuma ba ya yanke hukuncin zaɓe. Kamfanin lantarki na PG&E ya kashe fiye da dala miliyan 40 kan Ƙuduri na 16 a 2010 ya faɗi. A 2020 kamfanonin sufuri da kai saƙo ta manhajar waya, Uber da Lyft da DoorDash, da abokansu sun kashe fiye da dala miliyan 200 kan Ƙuduri na 22 game da matsayin direbobinsu, sunayensu na fitowa ƙarara a ƙasan tallolin, kuma ƙudurin ya wuce da kusan kashi 59 cikin 100.