Kafin Ka Biya Kuɗin Sunan Shafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamfanin Rajista

A Zariya, masu makarantu a Tudun Wada, masu shagon waya a PZ, ƙungiyoyin ɗalibai a Samaru da Kongo, kowa yanzu so yake ya buɗe shafi a intanet. Abin da ake fara biya shi ne sunan shafin, wanda masu harkar ke kira domen, irin abu.edu.ng na Jami'ar Ahmadu Bello. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wurin da ya kamata a yi rajistarsa.

Malam, wai sunan nan saya ake yi ko haya?

Haya ce. Kana biya shekara-shekara, kuma a sunaye irin .com kana iya biyan har na shekara 10 gaba ɗaya. Ranar da ka daina biya, sunan ya fara hanyar komawa kasuwa.

Hannu uku ne a cikin lamarin. Akwai mai riƙe da babban kundi: kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com da .net, Public Interest Registry ke riƙe da .org, ƙungiyar NiRA kuma, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da .ng na Najeriya. Waɗannan ba sa sayar wa mutum kai tsaye. Sai kamfanin rajista, wanda ke karɓar kuɗinka ya shigar da sunanka cikin kundin. Sai kai. Sunan da za ka samu iri ɗaya ne ko a wurin wa ka biya. Abin da ya bambanta kamfanonin shi ne yadda za su yi da kai ranar da ka makara wajen biya, da ranar da ka ce za ka bar su.

Ta yaya zan gane kamfani na gaskiya?

Don .com, .net ko .org, duba jerin kamfanonin da hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta ba izini, yana kan shafinta. Don .ng, duba jerin NiRA. A waje akwai irin su Namecheap, GoDaddy, Porkbun da Cloudflare. A gida akwai irin su GO54 (wanda a da ake kira Whogohost), Web4Africa da Upperlink.

Da yawa daga masu tallar sunan shafi dillalai ne, suna sara daga babban kamfani su ɗora ribarsu. Wannan ba laifi ba ne, amma ka san a ƙarƙashin wa suke. Bayan ka biya, shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan shafinka. Zai nuna maka ainihin kamfanin da ke riƙe da shi, ranar rajista da ranar ƙarewa. Idan dillalin ya ce ya biya maka shekara 2 kuma kundin ya nuna shekara 1, ka kama shi tun da zafinsa.

Amfanin izinin yana fitowa ne idan kamfani ya durƙushe. A 2007 ICANN ta ƙwace izinin wani kamfani mai suna RegisterFly bayan mutane sun kasa sabunta sunayensu ko ɗauke su, aka mayar da sunayen hannun GoDaddy. Daga nan aka tilasta wa kamfanoni masu izini su riƙa ajiye kwafin bayanan abokan cinikinsu a wurin wani amintacce na daban. Girman kamfani ma ba ya nufin dawwama: a 2023 Google ya sayar da sashensa na rajista ga Squarespace, masu sunaye suka wayi gari a sabon gida.

Yaron da ke haɗa mana shafin makarantarmu ya ce in ba shi kuɗin, shi zai yi rajistar. Ni shugabar makarantar ce, ban san kan abin ba. Akwai matsala?

Akwai, Hajiya, kuma nan ne aka fi yin asara. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajistar shi ne mai sunan a idon kamfani, ba wanda ya fitar da kuɗi ba. Tamkar ki sayi fili a Ɗanmagaji ne dillali ya sa sunansa a takarda. Ba lallai yaron ya zama macuci ba. Yana iya gama karatu ya tafi hidimar ƙasa, ya yar da waya, ko ku saɓa a kan kuɗin gyara. Ke kuma kin riga kin buga adireshin a allon ƙofar makaranta, a rasit, a takardar sakamakon yara.

Ki yi haka. Buɗe imel na makarantar, wanda ke da kanki kike riƙe da kalmar sirrinsa. Da shi za a buɗe asusu a kamfanin rajistar, yaron yana gefenki yana nuna miki. A gurbin mai suna a sa sunan makarantar yadda yake a takardar CAC, da lambar wayar da ba za a jefar ba. Ki biya da katinki, rasit ya zo imel ɗinki. Abin da yaron ke buƙata don aikinsa shi ne ya saita sabar suna, wato layukan da ke nuna wa sunan inda shafin yake zaune. Layi biyu ne yawanci; ya rubuto miki, ko ya zo ofis ku shigar tare cikin minti biyar. Wasu kamfanonin suna da tsarin ba mataimaki izini mai iyaka ba tare da ya ga kalmar sirri ba, kuma wannan dalili ne mai kyau na zaɓarsu.

Bayan rajista wasiƙa za ta zo tana neman ki tabbatar da imel ɗin. A sunaye irin .com kwana 15 ake bayarwa. Idan ba a danna ba, za a dakatar da sunan, shafi ya ɗauke, a yi ta zargin kamfanin masauki, wato inda aka ajiye shafin kansa, alhali wasiƙar tana kwance a akwatin tarkace.

Idan an riga an yi rajistar da sunan wani, ki nemi ya mayar miki tun kuna shiri. Ƙarar ƙwato suna a gaban WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, tana farawa daga dala 1,500, kuma don rikicin tambarin kasuwanci aka yi ta, ba don saɓanin mai aiki da wanda ya sa shi ba.

Na ga wani kamfani yana ba da .com da araha ƙwarai. In tafi can?

Duba kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko ba. A Satumban 2024 abin da Verisign ke karɓa daga kamfanonin rajista a kan kowane .com ya kai dala 10.26 a shekara, ban da 'yan santocin ICANN. Wanda ya sayar maka ƙasa da haka, tsaba ya watsa. Zai fanshe a shekara ta biyu. A misali: wannan ya ce naira 3,000 bana, 30,000 duk shekara bayan nan, wancan ya ce 20,000 duk shekara. A shekara 5 na farkon ya ci 123,000, na biyun 100,000.

Kafin ka danna biya, leƙa kwandon. Akan cusa imel na wata ɗaya kyauta wanda zai fara cin kuɗi daga baya, da satifiket na SSL, na tsaron shafi, wanda ake samu kyauta daga Let's Encrypt, da kuɗin ɓoye bayananka wanda wasu kamfanonin ke bayarwa ba ko sisi. Cire duk abin da ba ka nema ba. Cloudflare yana sayarwa a farashin sari, amma da sharaɗin sabar sunansa za ka yi amfani da ita.

Na gida ko na waje? .ng ko .com?

Tambayar ita ce da me za ka biya baɗi. A 2022 bankuna da dama sun hana katin naira sayayya a ƙetare, kuma wanda sunansa ke kamfanin waje a lokacin sai da ya nemi katin dala. Kamfanin gida yana karɓar naira ta kati ko taransifa. Amma farashin .com yana bin dala ko a gida ka saya, shi kuwa .com.ng da naira ake yanke shi, kuma yawanci ya fi sauƙi. Mai ciniki da mutanen Zariya da Kaduna .com.ng ya ishe shi. Wasu rassan a killace suke: .edu.ng na manyan makarantu ne, .gov.ng na gwamnati, .sch.ng kuma na firamare da sakandare, ana neman takardu kafin a bayar.

Idan lokacin ya wuce ban biya ba fa?

A .com ƙa'ida ta wajabta wa kamfani ya tuna maka sau biyu, kusan wata ɗaya da kusan mako ɗaya kafin ranar, sannan sau ɗaya cikin kwana 5 bayanta. Da ranar ta wuce, shafi da imel suna iya tsayawa. Akwai ɗan lokacin rangwame da bai wuce kwana 45 ba, amma kamfani ne ke yanke tsawonsa, wasu kuma a cikinsa suke sa sunan a gwanjo. Idan aka goge shi, ya shiga kwana 30 na fansa, inda kuɗin dawo da shi kan ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan nan kwana 5 na jira, sai ya fita kasuwa, inda akwai masu manhajar da ke dakon irin waɗannan sunaye su cafke cikin daƙiƙa. Na .ng yana da nasa jadawalin a ƙarƙashin NiRA, sai ka nemi kamfanin ya rubuto maka shi.

Don haka karanta kuɗin fansa da tsawon rangwame kafin ka yi rajista. Kamfanin da ya ɓoye su, bar shi. Kunna sabuntawa ta kai-tsaye, amma kada ka kwanta a kanta, don katin banki yana ƙarewa, asusu yana bushewa. Kuma kada imel ɗin rajistar ya zama a kan sunan shi kansa. Idan sunan ya mutu imel ɗin ya mutu tare da shi, wasiƙar gargaɗi ta rasa inda za ta sauka.

Zan iya ɗauke sunana in koma wani kamfani?

Haƙƙinka ne. A sunaye irin .com, ka cire kullen canji, wanda a kundi ake rubuta shi clientTransferProhibited. Ka nemi lambar canji, wadda ake kira lambar EPP; dole kamfanin ya ba ka cikin kwana 5. Ka kai ta sabon kamfani, ka biya shekara 1 wadda za a ɗora a kan ragowar lokacinka. Canjin yakan kammala cikin kwana 5 zuwa 7. Ba a ɗauke suna cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wani canjin, kuma sauya sunan mai shi ko imel ɗinsa yana iya jawo wani kullen na kwana 60. Saboda haka fara ɗaukewa tukuna kafin ka sauya su idan da hali, kuma kada ka bari sai saura mako ɗaya ya ƙare.

A kamfani nagari lambar tana cikin asusunka, dannawa ɗaya ce. Wanda sai ka yi ta aika saƙo ana ce maka oga ba ya nan, ka ga halinsa.

Wane tsaro zan nema?

Tabbaci mai mataki biyu, kuma na manhaja irin Google Authenticator ya fi na saƙon waya, don layi yana ɓata, kuma wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yana sake sayar da shi. Rubuta lambobin ajiya da za a ba ka a takarda, ka sa su inda kake ajiye takardun gida. Bar kullen canji a kunne kullum. Wasiƙar da ta ce sunanka zai ƙare gobe, kada ka danna mahaɗinta. Buɗe shafin kamfanin da hannunka ka duba.

In haɗa suna da masaukin shafi a kamfani ɗaya?

Ya fi sauƙi, amma rabawa ta fi aminci: idan masauki ya lalace, sai ka sauya layukan sabar suna ka koma wani, yawanci cikin awa 24 zuwa 48 ko'ina ya gani. Sunan da aka ce kyauta ne tare da masauki, tambayi da sunan wa za a yi rajistarsa, da nawa za ka biya idan ka bar masaukin. Aika wa kamfanin wannan tambayar ranar Asabar da yamma, kafin ka biya ko kwabo, ka ga awa nawa za su ɗauka su amsa.