Kaciya ba ta hana kamuwa da ƙanjamau gaba ɗaya

A majalisun 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 a Legas ana yawan cewa mai kaciya ba ya ɗaukar cutar ƙanjamau, tunda wanzami ya gama masa aiki tun yana yaro. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari.

Gwaje-gwaje uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda sun nuna kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙwayar cutar daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Loɓar da ake yankewa cikinta laushi gare shi, yana saurin tsagewa, ga ƙwayoyin halitta da cutar ke saurin kamawa. Shi ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a faɗaɗa kaciyar asibiti a ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, inda marasa kaciya suke da yawa. Har saƙon tes ake tura wa maza a can, a tuna musu ranar komawa a duba rauni, kuma a gargaɗe su kada su kusanci mace sai bayan mako shida.

To, ragi ne fa, sauran haɗarin yana nan daram. Kuma mai kaciyar da ke ɗauke da cutar zai iya sa wa matarsa, abin da masu wannan magana ba sa ambata. Direba ko ɗan acaɓan da ke shekara a Legas iyalinsa na Arewa, gwajin jini da kwaroron roba ba su faɗi a kansa ba.