Masta ko takardar ƙwarewa: tambayoyi kan karatun tafiyar da kaya

Wane irin karatu ne wannan, kuma me ya haɗa shi da Maradi?

Fanni ne da ke koyar da yadda ake tafiyar da kaya tun daga wurin saye har zuwa hannun mai amfani, wato sayayya da sufuri da ajiya a magaza da takardun duwan. Maradi ta daɗe tana wannan aiki tun kafin a shigar da shi aji, domin alhazan birni sun gina dukiyarsu ne a kan kayan da ke sauka a Kwatano, su biyo Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni, sannan su tsallaka Jibiya zuwa Katsina da Kano. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, tafiya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau. Mai wannan ilimi shi ne wanda zai lissafa ko buhun shinkafa zai fid da kuɗinsa tun kafin a loda shi.

Mene ne bambancin masta da takardar ƙwarewa?

Masta digiri ce ta jami'a, shekara 2 bayan lisansi ta shekara 3, bisa tsarin LMD (lisansi, masta, dakta) da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke bi. Takardar ƙwarewa kuwa ƙungiyar masu sana'a ce ke bayar da ita, kamar CIPS ta Ingila mai kula da sayayya, wadda aka kafa a 1932, ko CILT ta fannin sufuri, ko ASCM ta Amurka mai ba da takardar CSCP ta fannin tafiyar da kaya. CIPS ba ta ba mutum laƙabin MCIPS, wato cikakken mamba, sai ya kammala karatunta har mataki na 6, ko wata digirin da ta amince da ita, ya kuma nuna shekara 3 na aiki a fannin.

Wanne ya kamata a fara?

A ganina masta ce, musamman ga mai neman aikin gwamnati, inda digiri ke tantance matsayi da albashi. Takardar ƙwarewa ta fi daraja wurin ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waje, kuma ba ta da sauƙi ga wanda bai taɓa rubuta odar saye ba. Akwai kuma batun harshe, domin galibin littattafan ƙungiyoyin masu sana'ar da jarrabawarsu da Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci muka taso.

Me za a duba kafin a biya kuɗin makaranta?

A tambaya ko hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance digirorin jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama, ta amince da ainihin digirin, domin makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a wani fanni ta rasa a wani. Idan kuma makarantar ta ce tana da alaƙa da CIPS, a nemi sunan digirin a jerin da ƙungiyar ke wallafawa a shafinta na intanet.