Iyakar Bishiyoyi a Kan Tsaunuka

Iyakar bishiyoyi ita ce matakin tsauni wanda daga shi zuwa sama bishiya ba ta iya rayuwa, sai ciyayi da ƙananan tsirrai. Wannan iyaka ba ta da tsayi guda a duniya, domin abin da ke yanke ta shi ne ɗumin lokacin da tsiro ke girma, ba yawan mitocin da aka haura ba. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 na Selsiyus a duk mita 1,000, kuma binciken masanin tsirrai Christian Körner na Jami'ar Basel a Switzerland ya nuna cewa bishiyoyi kan ƙare a inda matsakaicin ɗumin lokacin girma ya sauko zuwa wajen digiri 6 ko 7, matuƙar wannan lokaci ya kai kimanin wata uku.

Saboda haka iyakar tana hawa yayin da aka nufi ƙasashe masu zafi, tana sauka idan aka nufi ƙuryar arewa. A tsaunukan Alps na Turai tana kusa da mita 2,000 zuwa 2,300, amma a Tibet akwai dajin itacen juniper a wajen mita 4,900, yayin da bishiyar Polylepis ta kan tsaunin Sajama a Bolibiya ke kaiwa kusan mita 5,000.

Abin lura a nan shi ne tsayin bishiya shi ke cutar da ita. Rassanta suna cikin iska mai sanyi, inuwarta kuma tana hana rana ɗumama ƙasar da saiwoyinta suke ciki, don haka ko ganye ya haɗa abinci, sabon tsiro ba ya samuwa. Ƙaramin tsiro kuwa yana lafewa a jikin ƙasa ko a tsakanin duwatsu, inda zafin rana ke taruwa, shi ya sa yake wuce bishiya da nisa. An samu tsirrai masu fure a sama da mita 6,000 a tsaunukan Himalaya, gansakuka ma ta haura su. Kusa da iyakar, bishiyoyi kan zama gajeru, karkatattu, rassansu sun juya wa iska baya.

A tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, daji mai duhu yana ƙarewa a wajen mita 3,000, sannan a shiga yankin manyan tsirran lobelia da senecio, waɗanda ke jure sanyin dare da zafin rana a kowace rana ta shekara.

Ba kowane kan tsauni marar itace ne sanyi ya hana ba. Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, bai kai matakin da sanyi ke hana bishiya ba a wannan yanki, kuma yalwar ciyawar tsaunin Mambila tana da nasaba da ƙunar daji da kiwo.