Fatakwal da Tashar Jiragen Ruwanta

Fatakwal, wadda a takardun hukuma ake rubutawa Port Harcourt, ita ce babban birnin Jihar Ribas a kudu maso kudancin Najeriya. Tana bakin Kogin Bonny, kimanin kilomita 66 daga inda kogin ya shiga teku. Ba tsohon gari ba ne irin Kano ko Katsina. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1912 domin su sami inda za su riƙa loda kwal a jirgin ruwa. Ga mutanen Bauchi da Gombe kuwa, nan ne dogon da ya ratsa garuruwansu yake tuƙewa.

Kafuwar gari

Kafin zuwan Bature, wurin gonaki ne na Ikwerre mutanen Diobu, da kuma wuraren su na masunta 'yan Okrika. Cinikin teku a wancan zamani yana hannun Bonny ne, garin da ya yi suna da fataucin bayi, daga baya ya koma na manja. Abin da ya sauya lissafi shi ne gano kwal a yankin Udi, kusa da Enugu, a 1909. Kwal kaya ne mai nauyi, ba ya tafiya a kan ɗan dako. Dole a yi masa dogo, dogon kuma dole ya ƙare a wurin da ruwa ke da zurfi kuma gaɓa ke da tauri. Wannan shi ne abu mai wuya a Neja Delta, inda galibin ƙasar taɓo ce da ƙoramu. Da masu safiyo suka ga wata gaɓa mai tudu a bakin kogin, sai suka tsaya nan.

A watan Mayun 1913 aka ƙulla yarjejeniyar karɓar filin da shugabannin Diobu da Okrika, kuma a wannan shekara Gwamna Lugga ya raɗa wa wurin sunan Lewis Harcourt, sakataren Ingila mai kula da ƙasashen da ta mallaka. Bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa sunan ya koma Fatakwal, sai ga shi ya faɗo daidai da kayan da aka gina garin dominsa. Leburorin da suka sare dajin suka shimfiɗa dogon, da yawansu ta hannun masu sarauta aka tattaro su bisa tilas. A 1916 layin ya kai Enugu, kwal ya fara gangarowa.

Dogon Arewa

Da a Enugu dogon ya tsaya, da Fatakwal ta zauna tashar kwal da manja kawai. Sai aka ci gaba da jan sa arewa, ya kai Makurɗi, ya haɗe da layin Arewa ta Kafanchan a 1927. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a kan jirgin fito ake ƙetarar da taragu Kogin Binuwai. Daga nan kuzar Jos ta sami gajeriyar hanyar fita teku.

Bauchi da Gombe sun daɗe suna jira. Sai a 1958 aka fara reshen da ya tashi daga Kuru, kusa da Jos, da bashin dala miliyan 28 na Bankin Duniya, wanda shi ne bashi na farko da bankin ya ba Najeriya. Dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Abin da hakan ke nufi a ƙasa shi ne: manomi a Kumo ya kai audugarsa kasuwa, a auna ta a sikeli, a gurje ta a injin gurza, a ɗaure diloli, a tura su cikin tarago a tashar Gombe, ba za a sake sauke su ba sai a gaban jirgin ruwa. Haka gyaɗa, haka fatu da ƙiraga. Taragun kan dawo da gishiri da kananzir da kwanon rufi. Bunƙasar da Gombe ta yi ta zama cibiyar kasuwanci a waɗannan shekaru, auduga ce tushenta, dogon kuma ya ƙara mata ƙaimi. Shanu da albasa da wake ma sun bi hanyar kudu, masu su suka bi bayansu, wasu suka zauna can suka hayayyafa.

Mai da yaƙi

A 1956 aka samu mai a Oloibiri, kuma a 1958 kashin farko na ɗanyen man Najeriya ya fita ta Fatakwal. Matatar mai ta farko a ƙasar ta fara aiki a Alesa Eleme, gefen birnin, a 1965. An ƙara wata matatar a wurin a 1989. Kamfanonin mai suka cika gari, kuɗi ya shigo, jama'a ta ninka.

Ranar 27 ga Mayun 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙiro Jihar Ribas. Kwana uku bayan haka aka ayyana Biyafara, Fatakwal ta kasance cikinta. A Mayun 1968 dakarun tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle suka karɓe birnin, Biyafara ta rasa ƙofarta ta teku. Cinikin dogo na gabas bai sake komawa yadda yake ba bayan yaƙin, domin noman auduga da gyaɗa ya ja baya, manyan motoci kuma suka ƙwace lodin.

Tashar a yau

Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1955, ita ke da tashar, amma tun 2006 kamfanoni masu zaman kansu ke gudanar da lodi da sauke kaya, ciki har da BUA. Matsalar tsohuwar tashar a fili take: tana can cikin kogi, hanyar ruwan na cikewa da yashi sai an yi ta yashewa, jiragen zamani kuma sun yi mata girma. Shi ya sa manyan jiragen kwantena ke tsayawa a Onne, ƙasa da birnin, ɗanyen mai da iskar gas kuma suke fita ta tsibirin Bonny. Tun wajen 2016 mazauna birnin ke kukan baƙin hayaƙi da ke sauka kan rufi da tufafi, wanda ake dangantawa da tace mai ta haramtacciyar hanya a cikin ƙoramu. Abin takaici ne ga garin da ake yi wa kirari da birnin lambuna.

A Maris ɗin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. A 2024 jirgi ya dawo aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Kayan da ɗan kasuwar Bauchi ko Gombe ya yi oda daga waje kuwa, galibinsu a kan tirela suke iso masa.