Waiwaye: yadda ƙwayar murar kaji ta yi ta sauya suna kafin ta zama Avibacterium

Masu kiwon kaji sun san wannan murar: fuska ta kumbura, ido ya liƙe, majina na zuba, ƙwai ya ragu da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta kuwa sai a 2005 ta samu sunan da take amsawa yau, wato Avibacterium paragallinarum.

De Blieck, wani masani ɗan Holan, shi ya fara ware ta a farkon shekarun 1930. A 1934 aka raɗa mata Haemophilus gallinarum, bisa zaton ba ta tsirowa a ɗakin gwaji sai da sinadarai biyu na cikin jini, X da V. Ashe zaton da gyara. A 1962 wani masani mai suna Page ya nuna a Amurka cewa V kaɗai take bukata, shi ya sa a 1969 Biberstein da White suka kira ta Haemophilus paragallinarum.

Wannan bukatar ana ganin ta da ido. In za a shuka ƙwayar a farantin gwaji mai jini, sai a ja layin wata bakteriya mai suna Staphylococcus a tsakiya don ya riƙa fitar da V. Kusa da layin za ka ga ƙwayar murar ta tsiro ƙanana kamar ɗigon raɓa, nesa da shi kuwa wayam.

Sai ga shi daga 1989 an fara samun wasu a Afirka ta Kudu da ba ruwansu da V ɗin ma, kuma suna kwantar da kaji. A ganina nan ne rarraba ƙwayoyi bisa abin da suke ci ya nuna gazawarsa.

Kwatanta ƙwayoyin gado ne ya raba gardamar. Blackall na Ostareliya da abokan aikinsa suka haɗa ta da wasu uku da ake lissafawa cikin Pasteurella, wato gallinarum da avium da volantium, a sabon rukunin Avibacterium na dangin Pasteurellaceae. A 2007 aka ƙara endocarditidis, mai kama zuciyar kaji. Dukkansu ba sa motsi, kuma ja suke fitowa a rinin Gram, wato rinin da ake bambance bakteriya da shi.

Wani aikin Page dai yana nan daram: kasa ƙwayar murar gida uku, A da B da C. Allurar rigakafin da aka yi da matacciyar ƙwayar gida ɗaya ba ta kare kaza daga sauran biyun, don haka masu haɗa ta kan zuba fiye da ɗaya a kwalba.